Hunturu: Me ya sa sanyi ke shigar mai kwanan waje ta ƙasa, kuma yaya ake tare shi?

Da zarar watan Disamba ya raba, dare a Barnawa yakan sauya kama. Shaguna na rufewa, hayaniyar manyan tituna na lafawa, sai a bar masu gadi a bakin ƙofofin gidaje da rukunan shaguna, da 'yan sintirin unguwa, da yaran shago da ke kwana kusa da kaya. Kowannensu yana da abin da yake kishingiɗa a kai idan dare ya tsala: wani benci, wani teburin mai kayan miya, wani gadon soja mai naɗewa, wani kuma tamfol ko buhu da ya ɗaure tsakanin ginshiƙai biyu ya mayar gadon lilo. Ƙorafinsu da safe kusan iri ɗaya ne. Sun lulluɓa da bargo har biyu, amma sanyi ya hana su runtsawa, kuma ta baya da kwankwaso ya riƙa shiga.

Dalilin ba ƙarancin bargo ba ne kaɗai. Akasarin mutane suna tara duk abin rufarsu a saman jiki, alhali hanyar da ɗumi ya fi bi ya fice tana ƙarƙashinsu. Wanda ya fahimci wannan zai iya kwana cikin rufin asiri da kayan da ake zubarwa a bayan shago kullum.

Yadda sanyin hunturu yake a Kaduna

Iskar hunturu tana kaɗowa ne daga arewa maso gabas, daga hamadar Sahara, tun daga ƙarshen Nuwamba har zuwa tsakiyar Maris. Kaso mai yawa na ƙurar da take ɗaukowa daga kwarin Bodele da ke arewacin Chadi yake tasowa. Iska ce busasshiya, shi ya sa Bahaushe ya bambanta sanyin damina mai laima da ɗarin hunturu mai fasa leɓe da dunduniya.

A Kaduna, zafin rana a Disamba da Janairu yakan kai digiri 30 ko fiye a ma'aunin Salshiyas, amma kafin wayewar gari yakan sauko zuwa wajen digiri 15, wasu darare ma ƙasa da haka. Abin da ke jawo wannan faɗuwa shi ne rashin gajimare da rashin laima a sama. Babu abin da zai riƙe zafin da ƙasa ta sha da rana, saboda haka yana tsiyayewa zuwa sama tun daga faɗuwar rana har fitowarta. Wannan ne ya sa mafi tsananin sanyi yake zuwa da asuba, ba tsakar dare ba. A daidai wannan lokaci kuma zafin jikin mai barci yake kai wa matakinsa mafi ƙasa.

Akwai ƙarin abin lura ga mazauna kudancin birnin. Iska mai sanyi ta fi mai ɗumi nauyi, don haka da dare takan gangara ta taru a kwari. Ɓangarorin Barnawa da ke gangarawa zuwa bakin Kogin Kaduna sukan fi tudu sanyi da asuba, kuma raɓa ta fi sauka a can.

Inda ɗumin jiki ke tafiya

Jikin ɗan Adam yana riƙe zafinsa a wajen digiri 37. Babban mutum da ke hutawa yana fitar da zafi kwatankwacin wat 80 zuwa 100, wato kamar tsohon ƙwan lantarki mai zafi, kuma idan ya yi barci adadin yana raguwa. Bargo ba ya ƙirƙirar ɗumi ko kaɗan. Aikinsa shi ne ya kama iska a tsakanin zarensa ya hana ta motsi, ita kuwa iskar da ba ta motsi ba ta saurin wuce da zafi. Ruwa ya fi ta saurin ɗauke zafi da kusan ninki 25, siminti ya fi haka, ƙarfe kuwa ya fi su duka nesa ba kusa ba.

Matsalar tana nan: duk abin da mutum ya kwanta a kai, nauyinsa yana danne shi ya fitar da iskar da ke ciki. Bargo mai kauri kamar tafin hannu, da an hau kansa sai ya koma kamar zani. Rigar sanyi mai laushi ma haka take yi a daidai kafaɗa da kwankwaso, inda nauyin jiki ya fi sauka.

Daga nan abin da zai faru ya danganta da abin da ke ƙarƙashi. Wanda ya kwanta a kan siminti ko bencin ƙarfe, zafinsa yana ratsawa kai tsaye cikin abin da ya taɓa, kuma jiki ba zai taɓa iya ɗumama daɓen baranda ba komai tsawon dare. Wanda ya kwanta a gadon soja ko gadon lilo kuwa, ƙyalle ɗaya tak ne tsakanin bayansa da iskar dare. Duk ɗumin da ya taru a jikin ƙyallen, iskar da ke wucewa ta ƙasa za ta share shi ta kawo sabon sanyi. Shi ya sa gadon da ya fi kowanne daɗi a watan Afrilu yake zama mafi azaba a watan Janairu.

Darasin gadon lilo

Babu inda aka fi nazarin wannan matsala kamar wajen masu kwana a gadon lilo, wato ƙyalle ko raga da ake ratayawa tsakanin itatuwa biyu. Asalinsa daga ƙasashe masu zafi yake. Turawa sun fara ganinsa ne a hannun mutanen tsibiran Karibiyan lokacin tafiyar Kolombus ta shekarar 1492, kuma sunan da suke kiransa da shi daga harshen mutanen Taino suka aro shi. An ƙirƙire shi ne domin iska ta ratsa ta ƙasa ta sanyaya mai barci, kuma ya nisanta shi da laima da ƙwari. Da sojojin ruwan Ingila suka karɓe shi a ƙarshen ƙarni na 16 suka shiga da shi tekuna masu sanyi, sai ya zama dole a haɗa wa kowane matuƙi da 'yar siririyar katifa da zai shimfiɗa a ciki.

A yau masu yawon daji a Amurka da Turai sun san cewa ba sai an yi ƙanƙara ake jin sanyin baya a gadon lilo ba. Da ma'auni ya sauka zuwa wajen digiri 20 ake fara jinsa, musamman idan akwai iska. Maganin da suka fito da shi shi ne wani bargo na musamman da ake ratayawa a ƙarƙashin gadon ta waje, ya manne da ƙyallen ba tare da nauyin mutum ya danne shi ba. Irin wannan bargo yana da tsada, kuma ba abin da ake samu a kasuwannin Kaduna ba ne. Amma hikimar da ke cikinsa kyauta ce, kuma magabata a ƙasar Hausa sun riga sun gane ta. Gadon ƙasa da ake ginawa da rami a ƙarƙashi domin zuba garwashi, wanda tsofaffi ke kwana a kai da hunturu, ɗumama mutum yake ta baya, daga inda sanyi ya fi shiga.

Abin da za a shimfiɗa

Ƙa'idar farko ita ce a raba kayan rufa gida biyu, rabi a ƙasa rabi a sama. Ta biyu kuma, abin da za a sa a ƙasa ya zama wanda nauyi ba ya iya matse iskar da ke cikinsa.

Kwali ya cika wannan sharaɗi. Kwalin da ake sako firji ko talabijin ko taliya yana da ƙananan ramuka a tsakiyarsa masu riƙe iska, kuma ba sa rufewa gaba ɗaya idan an kwanta a kai. Falle uku ko huɗu a jere suna yin aikin da bargo biyu ba za su yi ba a ƙarƙashin jiki. Farin soson da ake kare kayan lantarki da shi, da ledar nan mai ƙurajen iska da ake naɗe kayan fashewa, da tabarmar roba mai kauri ta motsa jiki, duk sun fi kwali ma. Ko abin tare rana mai ƙyalli da ake sawa a gilashin gaban mota yana taimakawa idan an sa shi a ƙarƙashin bargo, ɓangaren mai ƙyalli yana kallon jiki.

Ga mai kwana a kan siminti, jerin shi ne: leda ko buhu a ƙasa domin tare laima, sai kwali, sai tabarma, sai bargo ko darduma. Tabarma ita kaɗai tana kare datti ne kawai, ba ta kare sanyi. Ga mai benci ko tebur, kwalin ya wuce faɗin kafaɗa, kuma a ɗaure shi da igiya don kada ya zame.

Ga mai gadon soja, a shimfiɗa kwali ko soso a kan ƙyallen, sannan a rufe sararin da ke ƙarƙashin gadon. Ana iya cusa buhunan kaya ko kwalaye a wurin, ko a sakaya buhu ta gefe ya sauka har ƙasa. Da zarar iska ta daina ratsawa ta ƙasa, rabin matsalar ta kau.

Ga mai gadon lilo, irin wanda wasu masu gadi da yaran manyan motoci ke ɗaurawa, akwai hanya biyu. Ta farko ita ce a sa soso ko tabarmar roba a ciki. Sai dai ƙyallen yana lanƙwasowa ya rungume kafaɗu, saboda haka a gitta wani guntun soso a daidai kafaɗa da wani a daidai kwankwaso, domin su ne wuraren da ke fara sanyi. Kwanciya a karkace, kai ya ɗan kauce hagu ƙafafu dama, tana sa jiki ya miƙe kuma shimfiɗar ba ta zamewa. Hanya ta biyu ita ce a kwaikwayi bargon ƙasa na masu yawon daji. A ɗauki bargo ko gwado, a tattare bakinsa biyu a ɗaure da igiya ko robar tayar mota, a rataye shi ta ƙarƙashin gadon daga wannan ƙarshe zuwa wancan. Sai wani ya kwanta a ciki, ɗan'uwansa ya gyara ɗaurin har bargon ya taɓa ƙyallen ko'ina. Idan ya yi sako-sako, iska za ta shiga tsakani ta ɓata aikin. Idan ya yi tsauri, nauyin mutum zai danne shi ya koma kamar an shimfiɗa shi a ciki. Roba ta fi igiya a nan domin tana bin motsin mai barci.

Tare iska da rufin sama

Tunda an san inda iskar hunturu ke fitowa, zaɓen wuri ba shi da wuya. A kwanta ta yadda bango ko kwantena ko mota za ta kasance ta arewa maso gabas. A guji lungun da ke tsakanin gine-gine biyu, domin iska tana matsewa a irin wannan wuri ta ƙara gudu. Idan babu bango, tamfol da aka ɗaure ya sauka har ƙasa ta ɓangaren iska ya isa. A sauke gadon lilo zuwa kimanin tsayin kujera, domin iska ta fi rauni kusa da ƙasa.

Rufin sama ma yana da amfani ko da babu ruwa. Mutumin da ke kwance a fili yana asarar zafi kai tsaye zuwa sararin sama, kamar yadda rufin mota yake wayar gari da sanyi fiye da gefenta. Rumfa ko baranda ko inuwar bishiya tana rage wannan asara, tana kuma tare raɓa. Gidan sauro na da riba biyu: yana rage motsin iska, kuma yana kare cizo, domin sauro ba ya ƙarewa da hunturu a unguwannin da ke kusa da kogi da magudanan ruwa.

Sutura, abinci da shiri

Riguna uku marasa kauri sun fi ɗaya mai kauri, saboda iskar da ke maƙalewa a tsakaninsu. Kada su matse jiki, domin matsi yana rage gudun jini zuwa hannu da ƙafa. Mafi muhimmanci shi ne su zama busassu. Wanda ya yini yana dako ko zagayen sintiri ya sauya rigar ciki da safa kafin ya kwanta, domin auduga tana riƙe gumi, gumin kuma shi ke jawo sanyi da asuba. Hular sanyi, rawani ko ƙyallen wuya, da safa mai kauri ta ulu, duk ana samunsu da sauƙi wajen 'yan gwanjo. Kai ba ya zubar da rabin zafin jiki kamar yadda ake yawan faɗa, kasonsa bai wuce kimanin ɗaya cikin goma ba, amma idan shi kaɗai ne a buɗe, ta nan asarar za ta bi. Kada a naɗe jiki da leda kai tsaye, domin tana tara gumi. Wurin leda shi ne can waje, inda za ta tare iska.

Jiki yana buƙatar makamashi kafin ya samar da ɗumi. Tuwo ko wani abinci mai nauyi da dare, ko kunun gyaɗa mai zafi kafin kwanciya, yana kai mutum asuba fiye da shayi kaɗai. Gorar ruwan zafi mai kauri da murfi mai kyau, a naɗe cikin tawul a sa tsakanin cinyoyi ko kusa da ƙafa, tana ɗumama shimfiɗa na sa'o'i. Ruwan kada ya zama tafasasshe, kuma masu ciwon suga su yi hattara, domin ƙafarsu tana iya ƙonewa ba su ji ba. Mutum ya shiga shimfiɗa da ɗuminsa: ɗan tattaki na minti biyar kafin kwanciya ya fi a shiga ana rawar ɗari ana jiran bargo ya yi aiki.

Giya ba ta maganin sanyi. Tana buɗe jijiyoyin jinin fata, mutum ya ji ɗumi na ɗan lokaci alhali zafin cikinsa yana ficewa da sauri. Ita da ƙwayoyi masu sa maye suna kuma dusashe jin sanyin da ya kamata ya tashi mutum daga barci.

Wutar da ke kisa ba a ji ba

Hatsarin da ya fi sanyin kansa shi ne hanyar da ake bi a kore shi. Gawayi da ke ci a ɗakin gadi ko shago ko cikin mota da aka rufe yana fitar da iskar kabon monoksaid, wadda ba ta da launi kuma ba ta da wari. Tana kama jini da ƙarfin da ya ninka na iskar shaƙa fiye da sau 200, ta hana jini kai iskar shaƙa ga ƙwaƙwalwa. Alamominta su ne ciwon kai, jiri, tashin zuciya da kasala, amma mai barci ba ya jin ko ɗaya. Garwashin da ya daina hayaƙi ma yana fitar da ita. A ji ɗumi a fili, a kashe wutar da ruwa ko ƙasa kafin a kwanta. Janareta ma haka: ya kasance a waje, aƙalla mita 6 daga ƙofa da taga.

Sai gobara. Da hunturu komai a bushe yake kuma iska na kaɗawa, don haka ko mene ne ya tada wuta, yaɗuwarta ba ta ɗaukar lokaci. 'Yan kasuwa ba su manta da gobarar babbar kasuwar Sakkwato a Janairun 2021 da ta babbar kasuwar Katsina a Maris na 2021 ba. Kwali da soso da tamfol, waɗanda su ne mafi amfani wajen tare sanyi, su ne kuma mafi saurin kama wuta. Kada shimfiɗa ta kusanci garwashi, kyandir ko maganin sauro na kunnawa. Ƙona taya da roba kuwa hayaƙinsa guba ne ga huhu.

Lokacin da sanyi ya zama cuta

Idan zafin jiki ya sauka ƙasa da digiri 35, an shiga hatsari, kuma hakan na iya faruwa ba tare da ƙanƙara ba idan mutum ya jiƙe, ko yana cikin iska, ko yana jin yunwa ko maye. Da farko akwai rawar ɗari mai ƙarfi. Daga baya magana takan sarƙe, tafiya ta zama tangaɗi, mutum ya rikice ko barci mai nauyi ya rinjaye shi. Idan rawar ɗarin ta tsaya alhali jikin yana nan da sanyi, lamarin ya tsananta ne.

A shigar da shi wuri mai rufi, a cire jiƙaƙƙun kaya, a lulluɓe ƙirji da wuya da kai tukuna, a shimfiɗa masa wani abu a ƙasa. Idan yana cikin hayyacinsa, a ba shi abin sha mai ɗumi da zaƙi. Kada a murza masa hannu da ƙafa da ƙarfi, kada a tsoma shi a ruwan zafi. A garzaya da shi asibiti. Babban Asibitin Gwamna Awan da asibitin St. Gerard da ke Kakuri suna kusa da Barnawa, kuma lambar gaggawa ta ƙasa ita ce 112. Tsofaffi, ƙananan yara, masu asma da masu cutar sikila, waɗanda sanyi ke tayar wa ciwo, bai kamata su kwana a waje da hunturu ba sam.

Nauyin da ke kan mai gida da mai shago

Yawancin masu gadi a unguwanni irin su Barnawa, Narayi da Kakuri ba su da ikon sauya wurin da aka ajiye su. Mai gida ko mai shago ne ke da wannan iko. Mai gadin da sanyi ya hana sukuni zai nemi lungu ya duƙunƙune, ko ya hura wuta kusa da kaya, kuma duka biyun asara ce ga wanda ya ɗauke shi aiki. Abin da ake buƙata bai taka kara ya karya ba: 'yar katifa ko soso, bargo biyu, hula da safa, tamfol ta ɓangaren iska, da fulas na ruwan zafi. Ƙungiyoyin unguwa da na 'yan kasuwa da ke biyan 'yan sintiri za su iya sa waɗannan a cikin kuɗin wata tun daga Nuwamba, su kuma tsara karɓa-karɓa yadda mutum ɗaya ba zai kwashe daga tsakar dare har asuba a fili ba. Hukumar Kula da Yanayi ta Ƙasa, NiMet, tana fitar da hasashen yanayi kowace rana, wanda zai nuna daren da ya kamata a ƙara shiri.

Kwalayen da shaguna ke tarawa domin masu jari-bola su kwashe da yamma sun isa su raba mai gadi da daɓen siminti har ƙarshen hunturu. Abin da ya rage shi ne mai shago ya tuna ya ware masa guda huɗu kafin ya rufe.